Faransa da Jamus: tarihin ƙawancen da ya iso har cikin aljihunmu

 

Ran nan a fada muna cikin shan shayi wani matashi ya jefo tambaya: me ya sa ko yaushe ka duba canji na banki, Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗigo 957, ba ya hawa ba ya sauka, alhali Naira kullum cikin rawa take? Kowa ya ce ai Faransa ce. Gaskiya ne, amma rabin amsar ke nan. Ɗaya rabin yana Jamus, a birnin Frankfurt. Na san sunan Faransa ba ya da daɗin ji ga mutane da yawa a ƙasar nan, kuma ban zo wanke kowa ba. Tarihin ƙawancen Faransa da Jamus nake so mu bi, domin abin da suka ƙulla tsakaninsu ya taɓa kuɗinmu, ya kuma kawo sojojinsu su duka biyu har ƙasarmu.

Wanda bai san irin ƙiyayyar da ke tsakanin waɗannan ƙasashe ba, ba zai ga girman abin ba. Daga 1870 zuwa 1945 sau uku suna gwabzawa. A karon farko Jamusawa suka ci, suka kama sarkin Faransa Napoleon na uku a Sedan, suka ƙwace yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine, suka ɗora mata tarar faran miliyar 5. Don ƙarin cin fuska, a cikin fadar Versailles ta sarakunan Faransa suka naɗa nasu sarkin a watan Janairun 1871. Faransa ta haɗiye ta jira. Da aka gama yaƙin 1914 zuwa 1918, wanda ya ci sojojin Faransa wajen miliyan 1 da dubu 400, na Jamus kuma wajen miliyan 2, sai aka kira Jamusawa cikin wannan ɗakin na Versailles dai a 1919, aka sa suka sa hannu kan takardar da ta karya su. Hitila kuwa da ya ci Faransa a watan Yunin 1940, sai ya sa aka fiddo taragon jirgin ƙasan da Jamus ta miƙa wuya a cikinsa a 1918, aka mai da shi daidai inda ya tsaya a dajin Compiègne, ya ce a ciki Faransawa za su sa hannu. Kowa na ajiye wa ɗan uwansa, har wuri da ɗaki ba a mantawa. Kakanninmu ma ba su tsira ba. An kwashi samari daga ƙauyukan nan, aka sa musu jar hula, aka kai su faɗan da ba su san tushensa ba.

Bayan 1945 abin da Faransa ke so a fili yake: Jamus ta zauna a karye. Ta riƙe yankin Saar mai arzikin kwal, tana kuma so a ci gaba da sa ido kan yankin Ruhr, inda masana'antun ƙarfen Jamus suke. Sai dai Amurka tana da wani lissafi dabam. Gabar da ke tsakaninta da Tarayyar Sobiyet ta yi zafi, tana buƙatar Jamus ta Yamma ta miƙe da ƙafarta. Faransa ta ga ba za ta iya hanawa ba, ga shi kuma masana'antunta na ƙarfe ba sa tafiya sai da kwal ɗin Ruhr.

A nan ne wani mutum mai suna Jean Monnet, ɗan wani ɗan kasuwa daga garin Cognac, ya kawo dabara. Ya ce tunda da kwal da ƙarfe ake ƙera bindiga da tankar yaƙi, to a fidda su daga hannun gwamnatocin biyu, a damƙa su ga wata hukuma guda wadda ke sama da su duka. Ministan harkokin wajen Faransa Robert Schuman ya karɓi shawarar, ya karanta ta gaban ƴan jarida ranar 9 ga Mayun 1950, ya ce manufar ita ce yaƙi tsakanin ƙasashen biyu ya zama abin da ba zai ma yiwu ba ko an so. Shi Schuman ɗin kansa ɗan kan iyaka ne. An haife shi a Luksambur a 1886 da takardar zama ɗan Jamus, a jami'o'in Jamus ya yi karatu, bai zama Bafaranshe ba sai bayan yaƙin farko, lokacin da Lorraine ta koma hannun Faransa. Mutanen Dan Isa da Jibiya, ko na Ƙonni da Illela, sun san irin wannan mutumin. A ɗaya gefen kuma akwai Konrad Adenauer, tsohon magajin garin Kolon wanda ƴan Nazi suka kora a 1933, ya zama shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma a 1949 yana da shekara 73, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak a majalisa. Nan take ya amince.

Kada ku ɗauka soyayya ce ta sauko musu dare ɗaya. Ciniki ne irin na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Faransa ta samu ido a kan ƙarfen Jamus. Jamus kuma, shekara biyar kacal bayan ta'asar Hitila, ta samu kujera a teburi daidai da kowa. An sa hannu a Paris a watan Afrilun 1951, tare da Italiya, Beljiyam, Holan da Luksambur. Wannan ƙungiya ta ƙasashe shida ita ce iri na farko na Tarayyar Turai ta yau.

Da suka ga na kwal ya yiwu, sai suka ce bari a gwada na soja. Yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Amurka ta matsa a ba Jamusawa makamai. Faransa ta ce to sai dai a cikin rundunar Turai guda, kada a sake ganin wata aba wai ita rundunar Jamus. Ita ta kawo shawarar, aka sa hannu a 1952, sannan majalisar dokokinta da kanta ta kashe maganar ranar 30 ga Agustan 1954, da ƙuri'a 319 a kan 264. Ƴan kwaminis da magoya bayan Janar De Gaulle, waɗanda ba sa ga maciji, ranar sun haɗu a kan a'a. Abin da aka guje wa shi ya faru: a 1955 Jamus ta Yamma ta shiga OTAN, ta kafa rundunarta, ƙarƙashin inuwar Amurka. Ku riƙe wannan, domin tun daga ranar tsaron Jamus yake rataye a Washington, kuma duk wata gardamar soja da za ta biyo baya tsakaninta da Faransa daga nan ta samo asali.

Sai aka koma kan kasuwa. Yarjejeniyar Rom ta 25 ga Maris 1957 ta buɗe kasuwar bai ɗaya: kayan masana'antun Jamus su shiga Faransa ba kuɗin kwastan, manoman Faransa kuma su samu tallafi da masu saye. A nan ne muka shigo labarin, ba tare da an tambaye mu ba. Lokacin Nijar na ƙarƙashin mulkin mallaka, Faransa ta ce ba za ta sa hannu ba sai an haɗa ƙasashen da take mulka a cikin tsarin, an kuma taya ta ɗaukar nauyinsu. Jamus ba ta da ko taƙi ɗaya a Afirka, tun yaƙin farko aka ƙwace mata Togo da Kamaru da sauran, don haka da yawa cikin manyanta ba su so ba. Adenauer ya yarda ya biya. Aka kafa asusun nan da tsofaffin ma'aikata suka sani da FED, aka zuba masa dala miliyan 581 a zagayen farko, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Faransa ta ba da miliyan 200, Jamus ma miliyan 200, kuma mafi yawan kuɗin a ƙasashen da Faransa ke mulka aka kashe su. Bayan samun ƴanci aka sabunta tsarin a Yaounde a 1963, Nijar na cikin ƙasashe 18 da suka sa hannu, sannan a Lome a 1975.

De Gaulle, wanda tsofaffinmu ke kira Digol, ya dawo mulki a 1958. Kowa ya zaci zai wargaza komai, mutumin da Jamusawa suka taɓa kamawa fursuna a Verdun a 1916, wanda kuma ya jagoranci turjiya ga Hitila. Sai ya gayyaci Adenauer gidansa na ƙauye a Colombey a watan Satumban 1958, ya kwana can, karamcin da bai yi wa wani shugaban ƙasar waje ba. A Yulin 1962 suka halarci addu'a tare a babban cocin Reims, wanda igwogin Jamus suka ragargaza a yaƙin farko. Wata biyu bayan haka De Gaulle ya zagaya Jamus yana yi wa jama'a jawabi da Jamusanci da ka. Ranar 22 ga Janairun 1963 suka sa hannu kan yarjejeniyar Elysée.

In ka karanta takardar za ka yi mamakin rashin armashinta. Kusan jadawalin taro ce kawai. Shugabannin biyu su haɗu aƙalla sau biyu a shekara. Ministocin harkokin waje kowane wata uku, na tsaro ma haka, manyan hafsoshin soja kowane wata biyu. A tuntuɓi juna kafin a yanke shawara kan babbar magana ta harkokin waje. A kafa ofishin musayar matasa, wanda daga lokacin zuwa yau miliyoyin yara suka bi ta cikinsa suka kwana a gidajen juna. Ni a ganina wannan jadawalin shi ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya, kuma an gwada ƙarfinsa tun tawada ba ta bushe ba.

De Gaulle yana son Turai mai tsayawa da kanta, nesa da Amurka. Kwana takwas kafin sa hannu ma ya rufe wa Ingila ƙofar shiga kasuwar bai ɗaya. Majalisar dokokin Jamus da ta zo amincewa a watan Mayu, sai ta liƙa wa takardar gabatarwa wadda ke jaddada ƙawance da Amurka, da OTAN, da shigar Ingila. Wato duk abin da De Gaulle ba ya so. Ya fusata, har ya kwatanta yarjejeniyoyi da furen wardi, ya ce suna da kwanakinsu. Adenauer ya sauka a Oktoban shekarar, wanda ya gaje shi, Ludwig Erhard, mutumin Amurka ne sosai, ba su taɓa jituwa da De Gaulle ba. A 1966 Faransa ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta OTAN. Amma duk wata shida dole a zauna, ko ana harara. Zo mu zauna zo mu saɓa, in ji Hausawa, to su sun rubuta zaman a doka.

Wani abu da nake so ku lura da shi: ƙasashen biyu zaɓe suke yi, gwamnati na faɗuwa wata na hawa, amma ƙawancen bai bi jam'iyya ba. Hasali ma ya fi ƙarfi lokacin da shugabannin suka fito daga ɓangarori masu adawa. Giscard d'Estaing na dama ne, Helmut Schmidt na hagu. Mitterrand ɗan gurguzu ne, Helmut Kohl ɗan mazan jiya, kuma su ne suka tsaya riƙe da hannun juna a maƙabartar Verdun ranar 22 ga Satumban 1984, wurin da mutum wajen dubu 300 suka mutu cikin wata goma.

Yanzu mu zo kan kuɗi, tambayar yaron fada. Giscard da Schmidt suka kafa tsarin ɗaure kuɗaɗen Turai da juna a 1979. A takarda kowa daidai yake, a aikace kuwa Mark na Jamus ne limami, sauran mamu. Jamusawa ba su manta 1923 ba, shekarar da kuɗinsu ya zama takardar banza har ana ɗaukar albashi a baro, shi ya sa suka ba babban bankinsu ƴancin da ko shugaban gwamnati ba ya ba shi umarni, aikinsa ɗaya shi ne hana tsadar kaya. Daga 1983 Faransa ta zaɓi ta bi sawun Mark, ta riƙe faran da ƙarfi ko da wahala. Sefa kuwa tana ɗaure da faran, 50 a kan ɗaya. Don haka duk lokacin da Frankfurt ta ɗaure, mu ma mun ɗauru.

Katangar Barlin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamban 1989. Mitterrand ya ji tsoron Jamus mai mutum miliyan 80 a tsakiyar Turai. Kohl yana son haɗe ƙasarsa, Mitterrand yana son kuɗin bai ɗaya wanda Faransa za ta samu baki a cikinsa. Masana tarihi na gardama kan ko an yi musayar baki da baki, amma ga yadda abin ya jeru: a taron Strasbourg na Disamban 1989 Kohl ya yarda a buɗe tattaunawar kuɗin bai ɗaya, Jamus ta haɗe ranar 3 ga Oktoban 1990, aka sa hannu a Maastricht a Fabrairun 1992. Da ƙyar Faransawa suka amince a ƙuri'ar raba gardama, kashi 51 cikin ɗari. Jamus ta saki Mark, abin alfaharinta, bisa sharaɗin sabon bankin ya zauna a Frankfurt kuma ya yi aiki da ƙa'idojinta.

A tsakanin nan kuɗin haɗe Jamus ya sa bankinta ya ɗaga kuɗin ruwa sama. A Satumban 1992 Fam na Ingila da Lira na Italiya suka kasa, suka fice daga tsarin. Faran ya tsaya, da taimakon bankin Jamus. Ƙarfin faran ɗin nan ya sa sefa ta yi tsada fiye da ƙarfin tattalin arzikinmu, a daidai lokacin da farashin uranium da auduga da koko ke ƙasa, Naira kuma ta yi arha har kayan Najeriya suka cika kasuwanninmu. Yana cikin dalilan da suka kai ga karya darajar sefa a Dakar a Janairun 1994, faran ɗaya ya koma sefa 100. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya tuna yadda kuɗin magani da na shinkafa suka tashi. Da Yuro ya zo a 1999, aka yanke Yuro ɗaya faran 6 da ɗigo 55957. Ka ninka sau ɗari, ga 655 da ɗigo 957 ɗinka.

Ta fannin masana'antu sun yi abin a zo a gani. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu a 1969 ita ta haifi Airbus, wanda yau yake kafaɗa da kafaɗa da Boeing na Amurka. Jirgin dakon soja na Transall, wanda ya daɗe yana shawagi a sararin Sahel, su biyu suka ƙera shi. Amma in aka zo kan manyan makamai sai a ji shiru. Sun fara shirin tankar yaƙi ɗaya tun ƙarshen shekarun 1950, aka watse, Jamus ta yi Leopard, Faransa ta yi AMX-30. A shekarun 1980 Faransa ta bar shirin jirgin yaƙin Turai ta ƙera Rafale ita kaɗai. A 2017 Macron da Merkel suka sake shelar jirgin yaƙi ɗaya da tanka ɗaya, shekaru suka yi ta tafiya kamfanin Dassault da Airbus suna jayayya kan wa zai ja gaba. Da Rasha ta shiga Yukren a 2022, Jamus ta ware Yuro miliyar 100 don sojanta, kuma cikin abin da ta fara yanke shawarar saye akwai jiragen F-35 na Amurka. Paris ba ta ji daɗi ba ko kaɗan.

Bambancin ya wuce na kamfanoni. Faransa na da makamin ƙare dangi tun gwajinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya a 1960, tana da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, shugabanta na iya tura soja waje ya sanar da majalisa daga baya. Jamus ta yi alkawarin ba za ta ƙera wannan makami ba, kuma sojanta ba ya fita aikin yaƙi sai majalisa ta kaɗa ƙuri'a. Sun haɗa kai sun ƙi yaƙin Iraƙi a 2003, zamanin Chirac da Schröder. Amma a Maris na 2011, lokacin da Faransa ke kan gaba wajen kai wa Libiya hari, Jamus ta ƙaurace wa ƙuri'ar a Kwamitin Sulhu, ta tsaya layi ɗaya da Rasha da Sin. Mu da muka ga abin da ya kwararo daga Libiya bayan nan, muna da ra'ayinmu kan wanda ya fi hangen nesa a ranar.

Suna da rundunar haɗin gwiwa tun 1989, mai hedikwata a Müllheim ta Jamus. Da aka tura ta Mali a 2018, Faransawan cikinta suka shiga Barkhane, Jamusawan suka shiga Minusma da aikin horarwa na Tarayyar Turai. Runduna ɗaya, umarni biyu. A Nijar ma haka muka gan su. Jamusawa na da sansanin jiragen dako a filin jirgin Yamai, sun kuma horar da dakaru na musamman a Tillia cikin jihar Tawa, inda shugaban gwamnati Olaf Scholz ya kai ziyara a Mayun 2022. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya fita a Disamba. Jamus ta tsaya ta yi nata ciniki da hukumomin Yamai ita kaɗai, ba a daidaita ba, ta kwashe nata a ƙarshen Agustan 2024. Wannan kuwa bayan yarjejeniyar Aachen ta 2019, wadda a cikinta suka yi alkawarin kare juna da daidaita manufofinsu, har da kan Afirka.

Gardama ba ta ƙare ba. Faransa na samun mafi yawan wutar lantarkinta daga nukiliya, Jamus ta rufe tashoshinta na ƙarshe a Afrilun 2023, kuma sun sha kai ruwa rana kan wannan a Brussels. A Oktoban 2022 abin ya yi tsami har aka ɗage taron ministocin ƙasashen biyu, sai a Janairun 2023 aka yi shi a Paris, ranar cikar yarjejeniyar Elysée shekara 60. Al'adar da ta kafu kuma ita ce sabon shugaba ya fara kai gaisuwa ga maƙwabcin kafin kowa. Friedrich Merz ya hau kujera ranar 6 ga Mayun 2025, washegari yana Paris. François Hollande kuwa a ranar da aka rantsar da shi, 15 ga Mayun 2012, ya hau jirgi zuwa Barlin, tsawa ta faɗa wa jirgin a sama, dole aka juyo. Ya sauka, ya canza wani jirgin, ya isa wurin Merkel a daren.